Hujin Bahago

A masana'antar da ake ƙera murafan famfon ruwa, akwai wani ɗaki a ƙarshen zauren injuna wanda ma'aikata ke kira firji. Kullum sanyi ne a cikinsa, domin ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi, kuma mai auna abin da bai kai kaurin silin gashi ba, ba ya so ƙarfe ya yi masa wasa da hankali. A tsakiyar ɗakin na'urar awo take. Tebur ne na baƙin dutse mai santsi, da wata gada ta ƙarfe da ke zamewa a kansa, da allura mai ɗan jan kai tana lilo daga gadar. In aka ɗora murfi a kan teburin, sai allurar ta sauko ta taɓa nan, ta taɓa can, tana 'yar ƙara, daga nan kwamfuta ta faɗi ko kaya ya ci ko ya faɗi.

Shekara goma sha tara Auta ta yi a ɗakin nan. Yayanta ne ya kawo ta masana'antar tana sabuwar gama makaranta, ya riƙa kiranta Auta a gaban kowa, shi ke nan sunan ya bi ta, har yanzu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ita ce babba a masu awo. Kusan duk umarnin da na'urar ke bi ita ta rubuta shi da hannunta a tsohuwar manhaja, layi bayan layi: allura ta je nan, ta sauka kaza, ta taɓa, ta dawo. Kowane irin kaya da nasa umarnin. Ta san su kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. In na'ura ta tsaya cak a tsakiyar aiki, ba ta ko duba allon kwamfuta, daga inda allurar ta tsaya take gane layin da ya sami matsala.

Sai ga shi wata safiya Manaja ya tara su ya ce za a sauya manhaja. Waɗanda suka yi tsohuwar sun daina kula da ita, kwamfutar da take ciki kuma ta tsufa, in ta mutu ba mai tashinta. An sayo sabuwa, za a turo wanda zai koya musu har sati uku, daga nan a rufe tsohuwar.

"To, Uwar ɗakina," in ji Rediyo bayan Manaja ya fita, "an mayar da mu aji ɗaya. Gobe ki zo da allonki da alli."

Rediyo shi ne na biyunta a ɗakin. Ana kiransa haka domin tun da ya shigo da safe bakinsa ba ya hutawa sai an tashi. Auta ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsohuwar kwamfutar, wadda madanninta suka goge har wasu haruffan ba sa ganuwa, ta ja rigar sanyinta ta koma aiki.

Mai koyarwar da aka turo dattijo ne mai ƙaramar murya, ba ya gaggawa, kowa ya kira shi Malam. Ya nuna musu cewa sabuwar manhajar ba ta bukatar a rubuta mata lambobi. Zanen kayan da injiniyoyi suka yi a kwamfuta shi ake loda mata, sai murfin ya fito a allo yana juyawa kamar a miƙa hannu a ɗauka. Ka danna huji, ita da kanta ta san faɗinsa da inda ya kamata ya zauna.

Satin farko Auta ta sha wuya. Yatsunta sun saba da bugawa, ba su saba da jan linzamin kwamfuta ba. Ta je juya murfi hagu, ya kife. Ta je matso da shi, ya ɓace daga allon gaba ɗaya. Rediyo ya ce murfin ya ga fuskarta ne ya gudu. Ranar Laraba ta danna abin da bai kamata ba, allura ta doshi gefen tebur, ba don Malam ya yi wuf ya buga jan madanni ba da ta karye. Kunya ta rufe ta. Ita da ake kirawo ta in abu ya gagara, yau ita ake riƙe wa hannu.

"Malama, kada ki damu," in ji Malam. "Wanda ya fi sanin tsohuwar shi ya fi shan wahalar sabuwar. Duk inda na je haka nake gani."

"Tsohuwar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," ta ce da shi a taƙaice.

Sati na biyu aka fara gwaji. Kowane irin kaya za a auna shi da tsohuwar manhaja, a sake auna shi da sabuwar, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Sun yi iri goma sha ɗaya lafiya lau. Ranar Alhamis da hantsi Rediyo ya turo keken kaya, ya ɗora murfi mai huji shida a kan dutsen. Da Auta ta gan shi sai ta kawar da kai, domin duk cikin kayan masana'antar babu wanda ta tsana kamarsa. A kansa aka kori yayanta.

Bahago ake kiransa, saboda da hagu yake aiki. Shekara ashirin da shida ya yi a kan injin huji, kuma a zamaninsa in aka ce kaya daga hannun Bahago ya fito, wasu masu awon sukan auna ne kawai don cika ƙa'ida. Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta, shi ya tsaya a ofis ya ce a gwada ƙanwarsa, in ta gaza a kore su tare. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo aikin wannan murfi. Aka ba Bahago hujin, aka ba Auta rubuta umarnin awo. Tun murfin farko na'ura ta ce huji na shida ya kauce. Na biyu ma haka. Keke guda haka. A lokacin firinta ba ta fitar da komai a takarda sai yawan kaucewar da kalma ɗaya da jar tawada: ya faɗi.

Bahago ya shigo firji da murfi a hammata da ma'auninsa na hannu, ya ce, "Auta, injinki ya sha wani abu. Ga zane, ga hujina."

Ta gwada na'urar a gabansa da ƙwallon gwaji, na'ura ta nuna lafiyarta ƙalau. Ta buɗe umarnin ta karanta daga sama har ƙasa, sau uku, ba ta ga komai ba. Ta ce, "Yaya, ma'aunin hannu ba ya kama tsakiyar huji kamar wannan. Ka ɗan matsar da shi mana, a wuce wurin."

"Ba na huda inda zane bai ce ba," ya ce.

Wata biyu ana haka. Murafai suka cika kejin kayan da suka faɗi, aka riƙa mayar da su tukunya ana narkewa. Manaja, wanda sabon zuwa ne a lokacin, ya ce taurin kai ne na tsofaffin hannu. Matasan zauren suka fara raɗa cewa idon Bahago ya tafi. Daga ƙarshe shi da kansa ya fara shakka. Auta ta gan shi wata rana yana auna huji ɗaya sau biyar, yana goge ma'aunin da gefen rigarsa, yana murza ido. Hannunsa ya soma rawa, ya fara ɓata har kayan da bai taɓa ɓatawa ba. Da aka ba shi takardar sallama bai yi gardama ba. Ya leƙo firji, ya ce, "Auta, ki riƙe aikinki da kyau. Ba laifinki ba ne, gaskiya kika faɗa." Aka sa wani a kan injin, cikin kwana biyu murafai suka fara ci, kowa ya ce ai ga shi nan.

Wannan murfin ne Rediyo ya ɗora. Tsohuwar manhaja ta auna shi ta ce ya ci. Malam ya loda zane a sabuwar, allura ta zagaya hujin ɗaya bayan ɗaya, biyar suka fito kore a allo, na shida ya fito ja wur.

"Yawwa!" in ji Rediyo, har da tafi. "Malam, amaryar taka ta fara ƙarya tun ba ta yi sati biyu a gida ba. Shekara huɗu murfin nan yana ci."

Aka sake ɗora wani, ja. Aka ɗora na uku, ja. Auta ta harɗe hannu a ƙirji. Ba za ta ɓoye wa kanta ba, daɗi ta ji. Ta ce, "Sai a kira waɗanda suka sayar da ita."

"Ana iya kiransu," in ji Malam. "Amma kafin nan, Malama, buɗe mana tsohon umarnin mu ga abin da aka gaya masa. Ita wannan daga zane take karatu. Waccan kuwa abin da aka rubuta mata take bi."

Ta zauna a gaban tsohuwar kwamfutar, yatsunta suka kai ta layin ba tare da ta nema ba. Malam ya shimfiɗa zanen takarda a gefe, ya ɗora bakin biro a kan huji na shida.

"Ni zan karanta zane, ke ki karanta layi. Arba'in da takwas, ɗigo biyu biyar."

"Arba'in da takwas," in ji Auta, "ɗigo..."

Ta tsaya. A allon an rubuta 48.52. A zanen an rubuta 48.25. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta sa yatsa a kan gilashin allon kamar lambar za ta gyaru in ta taɓa ta. Biyar da biyu ne suka yi musayar wuri, shi ke nan. Layin da ta karanta sau uku a gaban yayanta, idonta yana ganin abin da yake tsammanin gani.

"Ai irin wannan yana faruwa," in ji Malam, wanda bai san komai ba. "Yatsa ne ya riga ɗan'uwansa. Shi ya sa ma ake sauyawa. Sai a gaya wa mai injin ya mayar da hujin inda zane ya ce."

Ya ɗaga kai ya ga Rediyo ya yi tsit, abin da bai taɓa gani ba tun zuwansa, ya ga Auta ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. Rediyo ya ja shi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Malam ya cire tabarau, ya ce, "Innalillahi."

Auta ta tashi ta fita zauren injuna. Zafi da ƙara suka buge ta. Ta je wurin injin huji, inda wanda ya gaji yayanta yake tsaye yana hura iska a kan murfi. Ta ɗaga murya ta tambaye shi yadda ya yi murafan suka fara ci a wancan lokacin.

"Matsar da shi na yi, Anti," ya ce, ko a jikinsa. "Na ga abin da ya faru da Baba Bahago, na ce ni ba zan yi jayayya da firji ba. Na riƙa matsarwa kaɗan-kaɗan har takarda ta daina fitowa da ja. Akwai matsala ne?"

"Ka duba zane da ka matsar?"

"Na duba. Na ɗauka zanen ne aka canza ba a gaya mana ba."

Ta wuce banɗakin mata, ta kulle ƙofa, ta buɗe famfo don kada a ji ta.

Da ta fito, Rediyo yana jiranta a bakin firji. Ya ce, "Uwar ɗakina, saurara. Ni da ke da Malam ne kaɗai muka gani. Sati mai zuwa za a rufe tsohuwar, a goge komai. A ce wa mai injin ya gyara, a ce sabuwar ta fi kaifin ido. Wa zai tona? Tonawar ma me za ta dawo da shi?"

"Ban sani ba," ta ce. "Amma ba zan iya zama da shi a cikina ba."

Bayan azahar ta shiga ofishin Manaja da zanen da takardar layin da ta buga. Ya karanta, ya sake karantawa, ya jingina da kujera. Abin da ya fara tambaya shi ne ko masu sayen murafan sun taɓa kawo ƙara. Ta ce ba su taɓa ba, ƙusar da ke shiga hujin tana da ɗan sarari, da alama tana shiga ko da ƙyar. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to Allah ya rufa asiri, za a rubuta musu, za a gyara.

"Yallaɓai, ba wannan ya kawo ni ba. Yayana fa?"

Manaja ya daɗe yana juya biro. Ba mugun mutum ba ne, shekara huɗu sun rage masa zafin kai. Ya ce, "Ni na sa hannu a takardarsa. In akwai laifi, nawa ya fi naki, don ni ya kamata in sa wani ya sake duba layin. Ki gaya masa in yana so ya dawo, ƙofa a buɗe take. Zan rubuta masa takarda da hannuna cewa aikinsa daidai ne." Ya ajiye biron. "Ke kuma ba zan taɓa ki ba. Ina bukatarki a wannan sauyin."

Ta so a ce ya taɓa ta. Da ya ba ta takardar gargaɗi, ko ya sauke ta daga shugabancin ɗakin, da ta sami abin da za ta riƙe ta kai wa yayanta. Ta fito da takardar yayanta kawai a cikin farin ambulan.

Ranar hutu ta hau mota ta tafi gidansa. Tun bayan sallamar ya bar gidan da ke kusa da masana'anta, ya koma ɗaki biyu a bayan wata tashar mota, yana gadin wani wurin ajiye motoci, yana ɗaga ƙarfen ƙofa yana saukewa. Ciwon suga ya kama shi shekara biyu da suka wuce, ya taɓa masa ido. Ta same shi a ƙofar ɗaki a kan benci, yana gyara maɗaurin takalmin jikarsa da lalube, allura a hannun hagu.

"Wa nake ji kamar Auta? Yau firji ya sake ki?" Ya ɗaga murya: "Ke, fito ga uwar gidanki ta zo, a kawo mata shayi mai zafi ta narke."

Matarsa ta fito tana dariya, tana goge hannu, ta ce, "Wace uwar gida, wadda sai ta ga dama take tuna da mu?" Suka gaisa. Matar ta kawo shayi, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake a faranti.

Auta ta riƙe kofin har ya daina tururi. Ta shirya maganar tun a mota, amma duk ta watse. Daga ƙarshe ta ce, "Yaya, ka tuna murfi mai huji shida?"

Hannunsa ya tsaya. "Me ya tono shi?"

"An kawo sabuwar manhaja. Mun auna da ita. Yaya, hujinka daidai yake. Ni na rubuta lambar ba daidai ba. Zane ya ce ɗigo biyu biyar, na rubuta ɗigo biyar biyu."

Daga tasha ana jin masu kiran fasinja. Bahago ya ajiye takalmin a hankali a kan benci.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa.

"Duka? Har na kekunan farko?"

"Duka, Yaya. Duk wanda ka huda kafin hannunka ya fara rawa."

Ya ɗaga hannunsa na hagu kusa da fuskarsa, kamar yadda yake yi yanzu in yana so ya ga abu, ya juya shi ciki da baya. Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Na faɗa," ya ce. "Wallahi na faɗa."

Farantin wake ne ya fara faɗuwa. Matarsa ta miƙe tsaye. "Lamba? Lamba biyu? Kin san abin da mutumin nan ya zama? Wata shida bai fita ƙofar gida ba. Kayan aikinsa da ya tara tun yana saurayi ya kwashe ya ba wani, ya ce ba ya son ganinsu. Ko ƙusa aka ce ya buga a bango sai ya ce a kira wani, shi hannunsa ya lalace. Ni na zauna da shi, ke kina can cikin sanyi ana kiranki babba!"

"Ya isa," in ji Bahago.

"Bai isa ba! Ya zo ya same ki da murfi a hannu, shi da ya goya ki, kika zaɓi inji."

"Na ce ya isa."

Ta shige ɗaki, ta saki labule. Auta ta durƙusa tana tsince waken da ya watse, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Babu kalma ɗaya a maganar matar da ba gaskiya ba.

"Bar shi, kaji za su ci," in ji yayanta. "Tashi ki zauna."

Ta zauna, ta miƙa masa ambulan, ta gaya masa saƙon Manaja. Ya buɗe takardar, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen haske. Sannan ya miƙo mata. "Karanta mini. Baƙi-baƙi kawai nake gani."

Ta karanta. Layi biyar ne. An ce bincike ya nuna aikinsa ya yi daidai da zane, masana'anta tana ba shi haƙuri, kuma tana maraba da shi in yana so ya dawo. Ya saurara da kai a sunkuye.

"In dawo in yi me?" ya ce. "A da da suka ce ba na gani, ina gani. Yanzu da suka ce in zo, ba na gani." Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu. "Kin san abin da ya fi ci mini rai, Auta? Ba korar ba ce. Da wani ne a firjin nan, da na tsaya a kan bakana har a fitar da ni da ƙarfi, in tafi ina cewa an zalunce ni. Mutum yana iya rayuwa da wannan. Amma ke ce. Na ce Auta ba ta kuskure, ni na kai ta makaranta, na san kanta. To in ba ita ba ce, ni ne. Shekara huɗu ina jin kunyar hannuna."

"Yaya, ka yafe mini."

"Yafiya ai dole, wa nake da shi in ba ke ba?" Ya laluba ya ɗauki takalmin. "Amma ki ba ni kwana biyu. Ban san inda zan ajiye maganar nan ba tukuna."

Ta yi sallama a bakin labule, ba a amsa ba.

Sati na uku aka gama gwaji. Cikin umarni sama da ɗari uku da Auta ta rubuta a shekara goma sha tara, wannan ɗaya ne kaɗai aka samu da kuskure. Malam ya gaya mata haka don ya sanyaya mata rai, ya ce a wasu wuraren yakan sami goma, ashirin. Ta yi masa godiya, amma maganar ba ta shige ta ba. Ranar Juma'a ma'aikacin kwamfuta ya zo ya zare wayoyin tsohuwar, ya ɗora ta a keken kaya ya tura ta sito. Rediyo ya buɗe baki zai yi mata addu'ar bankwana don a yi dariya, ya dubi Auta, ya fasa.

Labarin ya zagaya zauren injuna. Wasu tsofaffin ma'aikata suka haɗu suka je gaishe da Bahago, aka ce ya karɓe su da fara'a, har ya tambayi lafiyar injinsa. Matasan da suka yi raɗa a da suka riƙa cewa su dama sun san Baba Bahago ba ya kuskure. Ba wanda ya faɗa wa Auta baƙar magana. Sai dai yanzu in takarda ta fito da ja, mai injin yakan shigo firji da murfinsa ya ce a sake dubawa, ita kuwa ba ta taɓa ƙi ba. Takan ajiye abin da take yi, ta shimfiɗa zane, ta sa mutumin ya karanta da bakinsa tana bi da yatsa, ko da manhajar daga zanen take karatu. Rediyo ya ce aiki yana tafiyar hawainiya. Ta ce aikin ya tafi a hakan.

Ta iya sabuwar manhajar a ƙarshe, har ta fi Rediyo. Amma ba ta sake jin na'urar a jikinta kamar da ba. In allura ta tsaya, sai ta duba allo kamar kowa.

Kwana biyun da yayanta ya nema suka zama sati bakwai. Ba ta je ba, bai kira ba. Rannan da yamma tana hanyar gida wayarta ta yi ƙara, ta ga shi ne, ta tsaya a gefen titi. Ya tambayi yaranta, ya tambayi maigidanta, ya ce likita ya ba shi ranar da za a duba idon dama, wai ko za a iya ceto wani abu. Matarsa ba ta son asibiti, jiri yake sa ta.

"Za ki sami fita ranar Talata ki raka ni?"

"Zan samu, Yaya."

"To. Ƙarfe takwas."

Ranar Talata ta isa tun bakwai da rabi. Matarsa ta amsa gaisuwa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Bahago ya fito da hularsa da katin asibiti a aljihu, suka kama hanya. A bakin babban titi motoci suna ta wucewa, ya tsaya yana karkata kai yana saurare, ya kasa gane tazararsu. Auta ta matso ta gefensa. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya kama gwiwar hannunta, suka tsallaka.